Allurar Tsohuwata

Litinin, 3 ga wata, takwas na safe

Casa'in da biyu. Na rubuta, tunda rubutu suke so.

Babbar 'yarmu ce ta kawo littafin nan jiya, wai sabuwar likita ta ce a riƙa rubuta awon sugan uwarta kullum. Na ce mata shekara ashirin da biyu ina auna jinin matar nan, ban taɓa neman biro ba. In tana so ta tambaye ni na ranar da ta haifi ɗanta na fari: ɗari da huɗu, ana yayyafi. Ta ce, "Baba, likita ba za ta buɗe kanka ta karanta ba." To ga shi.

Ban yi makaranta ba. Lambobi a jikin sikeli na koye su, don shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran sikeli a bakin kasuwa. Baƙaƙe kuwa tsohuwar tawa ce ta koya mini a jikin kwalayen maganinta, bayan na yi furfura. Wanda ya ga rubutun ya karkace, ita zai kama.

Talata, 4 ga wata, takwas na safe

Tamanin da takwas. Kyau.

Bari in rubuta yadda ake yi, ko wani zai koya. Bakwai daidai nake wanke mata yatsa, in tsira, in ɗiga jinin a ɗan abin awo. Sai in ɗauko allurar daga firji, mai kama da biro ɗin nan, in murɗa gindinta tana ƙas, ƙas, har sau ashirin da huɗu. Sai farar ƙwaya guda. Sai shayi babu sukari, da burodi. Shekara tara ke nan ba a taɓa adadin ba. Tsohon likita ne ya tsara, Allah ya ji ƙansa, wani mai sanƙo da ba ya dariya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mai Sikeli, lambar safe kada ka bari ta haura ɗari da ashirin. In ka tsare ta, ka tsare wa matarka ido da ƙafa." Na tsare. Yayarta ba ta sami mai tsare mata ba, an yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa. Ni na ɗauke ta na sa a mota ranar da aka sallame ta, har yau hannuna yana tuna wurin da babu komai. Tawa kuwa ƙafa biyu, yatsu goma, ido garau.

Burodin yau gutsura biyu ta yi ta ture. Wai bakinta ba daɗi. Wata uku ke nan tana wasa da abinci, zobenta har faɗuwa yake yi in tana wanke hannu.

Laraba, 5 ga wata, ɗaya na rana

Casa'in da safe.

Ba abin rubutawa ba ne, amma hannuna ya ƙi zama. Wajen sha ɗaya da rabi na shigo daga ƙofar gida na same ta gaban firji, ta buɗe, tana jera takalmana a ciki. Gumi ya jiƙa mata wuya, kuma ba zafi ake yi ba. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wa kake nema? Maigidan ya tafi kasuwa."

Shekara hamsin da uku muna tare.

Na zaunar da ita, na zuba mata shinkafar rana tun lokaci bai yi ba, don kawai in sami abin yi da hannuna. Ta ci cokali biyar ko shida. Can an jima ta ce, "Mai Sikeli, me takalmanka suke yi a kan tebur?" Na ce iska suke sha.

Ban gaya wa Babbar ba. Karo na huɗu ke nan.

Alhamis, 6 ga wata, biyar na yamma

Tela na kusa da mu da mai shago sun zo da gardamarsu, wai wace shekara aka sa famfon bakin layi. Na ce musu shekarar da rufin kasuwa ya ƙone, ranar Talata, masu aikin su bakwai ne, ɗaya gurgu. Mai shago ya ce, "Baba, kai in ka mutu sai layin nan ya manta sunansa." Na ce to ku riƙa kawo mini nama in daɗe.

Duk wanda ya manta abu a nan, ƙofata yake bugawa. Ni ban iya mantuwa ba, ita kuma ta fara manta ni. Na kwance tsohon sikelin nan na bayan ƙofa na sake ɗaurawa. Lafiyarsa ƙalau tun farko.

Asabar, 8 ga wata, sha biyu da rabi

Ta faɗi a ƙofar banɗaki. Goshi ya kumbura. Matar tela ta ji ƙarar bokiti ta shigo kafin in ɗaga ta. Wayarta na hannunta tana kiran Babbar, ban ma ɓata bakina ba.

Asabar, shida na yamma

Babbar ta zo ko mayafi ba ta gyara ba. Ta duba goshin, ta duba gwiwa, sannan ta jawo ni tsakar gida.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Matar tela ta ce makon jiya Inna ta fita titi da ludayi a hannu tana neman uwarta. Uwarta da ta rasu kafin a haife ni."

Na ce tsufa ne, kowa da irin nasa. Ta ce ai abin da take faɗa ke nan, rikicin tsufa ne ya kama Inna, kuma ni mai shekara tamanin da ɗaya ba zan iya da ita ni kaɗai ba. Ta gyara ɗakin da ke kusa da nata. Ƙarshen wata za ta zo ta ɗauke ta.

Na ce, "Ni fa?"

Ta ce, "Kai ai ka ce ko da igiya ba mai fitar da kai daga gidan nan."

Na faɗa. Ban ce a fitar da ita ba.

Litinin, 10 ga wata, uku na rana

Asibiti tun safe. Benci mai sanyi, fanka ɗaya tana kuka, lamba ta talatin da ɗaya muka samu. Likitar yarinya ce, ban ga alamar ta kai shekarun jakata ta kayan aiki ba. Na miƙa mata littafin nan, shafin lambobi kawai na buɗe mata, ina jiran ta ce sannu da ƙoƙari. Sai ta ɓata fuska.

"Baba, waɗannan lambobin sun yi ƙasa da yawa ga mai shekarun Inna."

Na ce, "'Yata, ƙasa ake nema."

Ta ce da ne. Ta ce awon jinin da aka yi ya nuna ƙodar Inna ta rage ƙarfi, magani yana daɗewa a jikinta bai fita ba. Ga shi ta rame, ga shi ba ta ci. Allurar da ta yi wa mace mai ƙiba mai cin kwano guda daidai, ta fi ƙarfin wadda ke gutsurar burodi sau biyu. Suga in ya faɗi wa tsoho, ba lallai ya ji yunwa ko rawar jiki ba, sai dai a ga ya rikice, ko ya yi gumi, ko ya faɗi. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake awo. Na ce bakwai. Ta ce, "Sauran lokutan fa?" Na ce sikeli da safe ake gwada shi kafin a buɗe kasuwa, ba a tsakiyar ciniki ba. Babbar ta rufe fuska da hannu.

Abin da ta tsara ke nan. Allura ta koma sha huɗu. Farar ƙwaya a daina gaba ɗaya. In Inna ba ta ci ba, a kira ta kafin a yi allura. In ta rikice, a auna nan take, in lamba ta gaza saba'in a dama sukari cokali uku a ruwa a ba ta, a sake aunawa bayan minti goma sha biyar, sannan ta ci abinci. In ba ta iya haɗiya, kada a ɗura mata komai, a kawo ta da gudu. Lambar safe kuma ko ta kai ɗari da tamanin kada hankalina ya tashi.

Ɗari da tamanin.

Na ce mata ni na ga ƙafar da suga ya ci. Ta ce, "Na sani, Baba. Wancan aikin shekaru ne, kuma ka tsare shi. Wannan kuwa a rana ɗaya yake kayar da mutum." Na ce dutsen awo na kilo ɗaya, kilo ɗaya ne ko ya shekara ɗari. Ta ce, "Inna ba dutse ba ce."

Tsohuwa ta yi dariya. A gabana.

A hanya Babbar ta tsaya ta sayi kwalin sukari ta ajiye mana a kan tebur. Shekara ashirin da biyu rabon da abin nan ya kwana a gidana.

Talata, 11 ga wata, takwas na safe

Sha huɗu na murɗa. Hannuna ya so ya wuce, na tsayar da shi. Ƙwaya ban ba ta ba.

Laraba, 12 ga wata, takwas na safe

Ɗari da hamsin da takwas. Na auna sau biyu.

Kwalin sukarin na sa shi a akwatin kayan aikina na kulle. Ba zan iya shan shayi yana kallona ba.

Alhamis, 13 ga wata, huɗu na yamma

Ɗari da saba'in da ɗaya.

Yau surutu take ji. Ta zauna a tsakar gida ta sa ni na ɗauko mata kwandon ɗinki, ta ɗinke mini aljihun da ya yage tun bara, tana ɗinki tana tsokanata wai na auro ta da sikelin aro. Ƙarya ne, nawa ne, na saya a hannun wani mai ido ɗaya. Ta ci ƙwai guda da rabin ayaba. Kwana biyu ba ta yi rikicin nan ba. Ina ganin sanyin garin ne.

Ni kuwa na kasa zama. Ɗari da saba'in da ɗaya yana yawo a jininta, ina zaune ina kallo kamar wanda ya ga gara a ginshiƙi ya ce a bari sai baɗi. Na fita bakin layi na dawo. Na sake fita.

Juma'a, 14 ga wata, bakwai da rabi na safe

Ɗari biyu da uku.

Ina yanke mata farce na ga wani ɗan baƙi a ƙarƙashin babban yatsanta na ƙafa. Na goge da tsumma, ya fita, datti ne. Amma kafin ya fita na riga na ga yayarta a bayan motar nan.

Yarinyar likita ba ta ɗauki kowa ta sa a mota ba.

Asabar, 15 ga wata, takwas na safe

Na yi mata allurarta. Tata, wadda jikinta ya sani.

Lahadi, 16 ga wata, takwas na safe

Ɗari da goma sha tara. Mun dawo hanya.

Litinin, 17 ga wata, tara na safe

Casa'in da shida.

Ina murɗa allurar, bayana na ba ta, sai ta ce, "Mai Sikeli, ido ne ya rage, kunne yana nan. Na ji ya wuce sha huɗu." Na ce kunnenta ne ke ƙari. Ta ce, "Da ƙwayar ma kunnena ne?" Na juyo da allurar a hannu. Ta ɗaga riga ta ba ni cikin ta ce, "Kai ka sani. Ni dai ban taɓa cin abin da ka hana ba."

Gaskiya ne. Ko a gidan biki in aka miƙo mata lemo, ni take duba tukuna.

Babbar ta kira ta tambayi nawa nake yi mata. Na ce yadda ya kamata.

Laraba, 19 ga wata, sha biyu da rabi

Tamanin da ɗaya da safe. Shayi ta kurɓa, burodi ko taɓawa ba ta yi ba.

Sha ɗaya da kwata ta jefe ni da kofi. Matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba ta kira ni ɓarawo, wai na shigo ɗaukar keken ɗinkinta. Hannunta sanyi, rigarta sharkaf. Na tuna an ce a auna. Na dubi abin awon a kan firji. Ba lokacinsa ba ne. Na ba ta shinkafa, ta dawo.

Rikicin tsufa ne. Babbar ma ta faɗa.

Laraba, biyar na yamma

Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. In ta tafi, wa zai tsare lambar? Babbar ko agogo ba ta dubawa.

Na share tsakar gida. Na sake sharewa.

Alhamis, 20 ga wata, takwas na safe

Saba'in da shida. Ba ta ci ba. Na yi mata allurarta.

Alhamis, biyu na rana, bencin asibiti

Talatin da huɗu.

Alhamis, huɗu na yamma

Ta buɗe ido.

Juma'a, 21 ga wata, goma na safe

Bari in rubuta, ko ƙirjina zai sauka.

Jiya sha ɗaya da rabi na leƙa ɗaki na ga ta kwanta a kan kujera, kai ya karkace, miyau yana zuba. Na kira ta, na girgiza ta. Ido a buɗe kaɗan, ba ta ciki. Nan na ɗauko abin awon, karon farko a rayuwata da na tsira mata yatsa rana tsaka. Talatin da huɗu. Ban taɓa sanin abin nan yana da lamba irin wannan ba.

Na ruga wajen akwatin, makulli ya ƙi shiga, ni da nake zare ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Na fasa kwaɗon da guduma. Matar tela ta shigo ta same ni da kofi da cokali ina neman buɗe mata baki, ta riƙe mini hannu ta ce, "Baba, ba ta haɗiya, za ka shaƙe ta! Ba ce muku aka yi a kai ta ba?" Ashe Babbar ta karanta mata takardar likita tun ranar, don ba ta yarda da ni ba. Tela ya tare mota. Ni na ɗauke ta na sa a baya. Ba nauyi.

A asibiti suka sa mata ruwan sukari ta jijiya. Nas ta ce da mun ƙara jinkiri, da wani zancen ake yi. Sun ce za su riƙe ta, don sugan yana ta sake faɗuwa ko sun ɗaga shi, kuma ba su gane dalili ba.

Ni na gane.

Juma'a, uku na rana

Babbar ta kawo mini abinci a kwano. Ta ce, "Baba, ci. Ba laifinka ba ne, ka yi duk abin da aka ce." Na ce bakina ba daɗi.

Na zagaya ginin nan sau shida. Tagogi arba'in da huɗu ne ta gaba.

Asabar, 22 ga wata, sha ɗaya na safe

Na faɗa.

Lahadi, 23 ga wata, huɗu na yamma

Jiya likitar ta zo zagaye da safe, ta tsaya a ƙafar gado da takardu. Ta ce abin ya ɗaure mata kai. Sha huɗu, babu ƙwaya, bai kamata ya kai mutum talatin da huɗu ba, balle ya yi ta komawa ƙasa kwana guda cur. Ta ce dole su nemi wani ciwon a ɓoye, a ɗauki hoton ciki, a duba hanta, a kai ta babban asibiti a duba ƙwaƙwalwa. Ta juyo ta ce, "Baba, sha huɗu ne ko, kullum?"

Kafin in buɗe baki tsohuwa ta ce daga kwance, "Sha huɗu ne, 'yar nan. Ina ji yana murɗawa."

Matar da ko wasan yara ba ta yi da ƙarya. Allurar ruwa a hannunta, goshi bai gama sacewa ba, za a yi ta jan ta daga wannan na'ura zuwa waccan ana neman abin da ke tsaye a gefen gadonta da hula.

Na ce, "Ashirin da huɗu ne. Da ƙwaya. Tun ranar Asabar, sha biyar ga wata."

Babbar ta ce, "Baba?" Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba.

Na zaci likitar za ta yi mini faɗa, na ma shirya abin da zan mayar mata. Sai ta jawo kujera ta zauna ta ce in gaya mata duk ranakun da Inna ta rikice, in zan iya tunawa. In zan iya tunawa! Na faro mata tun daga watan jiya. Ranar sha biyu ga wata, sha ɗaya da rabi, ta kira ni da sunan ƙanenta, rabin burodi ta ci. Ranar ashirin, sha biyu saura kwata, ta zuba gishiri a tulu, shayi kawai ta sha. Ranar ludayi. Ranar takalma. Ranar banɗaki. Ranar kofi. Kowace da lokacinta, da abin da ta ci, da abin da ta bari a faranti. Tana rubutawa ina faɗa, kuma tun kafin in kai ƙarshe na ji abin da bakina yake jerawa. Duk tsakanin sha ɗaya da sha biyu. Duk ranakun da ta ture abinci. Duk sai ta ci take dawowa. Kwana huɗun da na yi sha huɗu kuwa, ko sau ɗaya.

Yana cikin kaina tun tuni, a jere, ban taɓa ɗora shi a sikeli ba.

Likitar ta ce ba za ta rantse babu tsufa a ciki ba, sai an ga yadda Inna za ta kasance nan gaba. Amma yawancin abin da muke kira rikici, suga ne ke faɗuwa. Ta soke hoton ciki da tafiya babban asibiti. Ta ce, "Baba, da ka yi shiru da mun wahalar da ita a banza." Na ce ba yabo nake nema ba. Ta ce, "Ban yabe ka ba."

Babbar ta fita waje. Ta taga na hango ta a jikin bishiya, kafaɗunta suna motsi.

Talata, 25 ga wata, biyar na yamma

An sallame ta. Gidan Babbar aka wuce da ita kai tsaye, ba a jira ƙarshen wata ba. Babbar ta biyo ta gida ta ɗauki kayan sawa, da abin awo, da allurai daga firji. Fararen ƙwayoyin ta juye su a leda za ta mayar asibiti. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina jira ta ce wani abu, ko zagi ne. Ta ce, "Akwai shinkafa a tukunya."

Ban yi gardama ba. Da wane baki.

Laraba, 26 ga wata, bakwai na safe

Na tashi na wanke hannu na buɗe firji. Sai na tsaya.

Laraba, sha ɗaya da rabi

Yanzu ne lokacin. Ko ta ci? Ko akwai mai kallonta? Babbar tana wurin aiki war haka, sai 'yar aikinta, ita kuwa ba ta san gumin wuya ba.

Na ɗauki waya na ajiye. Na fita bakin layi. Mai shago ya tambaye ni sunan direban da ya taɓa rushe masa rumfa. Na ce ban sani ba. Na sani.

Alhamis, 27 ga wata, uku na rana

Tela ya gyara mini kwaɗon akwati. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Gidan nan ashe girma gare shi.

Juma'a, 28 ga wata, biyu na rana

Bakwai da minti ashirin waya ta yi ƙara. Babbar ce, ba gaisuwa. "Baba, Inna ta ƙi yarda in yi mata allura. Kwana biyu da kyar, yau ta riƙe riga ta ce hannuna kamar na mai huda buhu. Kuma ta ce ba za ta ci ba sai ka zo."

Mota biyu na hau. Ban ma san na fito da takalmi daban-daban ba sai a hanya.

Na same ta zaune a bakin gado a wani ɗaki mai labule shuɗi, ta haɗe rai kamar wadda aka yi wa sata. Ta dube ni ta ce, "Sai yanzu? Dubi yadda 'yarka ta mayar mini da ciki." Shaida biyu, baƙi-ƙirin. Na ce yarinya ce, ba ta san a tsuke fata tukuna ba. Babbar ta ce shekararta hamsin da ɗaya.

Ta ce ga yadda za a yi, in ban yarda ba in koma. Inna za ta fara ci, a gabanta. Ita za ta murɗa allurar da hannunta, ta nuna mini lambar, ni in tsira, in mayar mata. Allurar a ɗakinta za ta riƙa kwana. Sha ɗaya kuma a sake awo, ko Inna tana rawa ne don lafiya.

Na ce ni za a sa wa mai gadi?

Ta ce, "Eh, Baba."

Na duba fuskarta. Hancina ne, taurin kaina ne, ba inda ta bar ni. Na ce miƙo.

Awo ɗari da sittin da tara. Tsohuwa ta cinye ƙwai da burodi yanka guda tana kallona, ta tambayi nawa ne. Na faɗa mata. Ta ce, "Ya yi yawa?" Na ce, "Likita ta ce daidai ne." Babbar ta murɗa, na ƙirga da ita a zuci, sha huɗu, ta nuna mini. Na tsuke fata na tsira, tsohuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na zauna har sha ɗaya na auna, ɗari da arba'in. Na zauna har sha biyu ta wuce. Ta yi mini tsegumin labulen, da surukinmu, da yadda 'yar aikin ke yanka albasa. Da na ga ta fara gyangyaɗi na ɗauki hulata.

Babbar ta raka ni ƙofa. Har yanzu ba ta dube ni sosai ba. Maganar komawar uwarta gida ban tayar ba, ita ma ba ta tayar ba. Na kai bakin titi ta kira ni.

"Baba. Gobe ma bakwai. Kada ka makara."

Ni zan makara? Motar farko shida saura kwata take tashi.